Hararar Nang Meding

Ni dai Allah ya yi ni da son sanin dalili. Matata Luz tana cewa ko maƙwabci ne ya sauya igiyar da yake shanya, sai na wuni ina tambayar kaina me ya faru. Sana'ar ma ta ƙara ɓata ni. Gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki nake yi a Mandaue, kusa da birnin Cebu a ƙasar Filifin, kuma aikin ke nan kullum, ka tsuguna ka kasa kunne har ka gano abin da ke sa inji kuka. Shi ya sa da Nang Meding ta fara wani irin wasa wanda ba nata ba, kowa a gidan kartarmu ya yi dariya ya wuce, ni kuwa abin ya tsaya min a wuya.

Gidan kartar yana saman wani shagon tayoyi, kuma duk Lahadi bayan an taso daga coci ake zama gasar foka, wani irin wasan karta na caca. Nang Meding ba ta fashi. Sunanta Remedios, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta da shi ba, sai dai Meding, a haɗa da Nang da muke ce wa babbar mace don girmamawa. Ta haura saba'in, 'yar gajeruwa, kullum da baƙin tabarau da mafici a hannu. A gidajen makoki ta koyi karta tun tana budurwa, inda ake wasa kusa da akwatin gawa don a taya iyalin mamaci zama, kuma da foka ta shigo Cebu ita ce ta fara cinye waɗanda suka kawo ta. Abin da aka fi tsoro a wurinta harara ce. In ta juya kai ta kafe ka ta bayan tabaran nan, sai ka ji kamar katunanka a buɗe suke.

Duk wanda ya taɓa zama a teburin foka ya san katuna biyun da ake ba ka a rufe ba su ne ƙarshen magana ba. Akwai biyar da ake jerawa a tsakiya a buɗe, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya, kuma a kowane mataki wani ne zai fara magana. In kai ne na ƙarshe ka huta, ka ga abin da kowa ya yi kafin ka taɓa ƙwandalolinka na roba. In kai ne na fari, a duhu za ka yi magana, na hagunka yana zaune yana kallonka yana auna ka. Farin maɓallin da ke zagaya teburin shi ke raba wannan gata, don haka kowa yana ɗanɗana kujerar fari ko yana so ko ba ya so. Abin takaicin shi ne a ba ka manyan katuna, as biyu ko sarakuna biyu, kana wannan kujera. Ka matsa da yawa kowa ya gudu, ka sassauta wani ya shigo da tarkace ya tsinci sa'a a kanka.

To a wannan kujerar Nang Meding ta yi suna. Za ta ƙara kaɗan, kamar mai jin kunya, ka biyo ta. A buɗe ukun farko ta ƙwanƙwasa tebur alamar ta wuce, ka ɗauka ba ta da komai ka zuba, ita kuma ta bi ka a hankali tana fifita. Kafin a buɗe na biyar, duk abin da ke gabanka ya koma gabanta, kana tsaye kana neman hularka. Ni kaina ta yi min haka ba sau ɗaya ba, kuma ban taɓa jin haushi ba, domin kallon yadda take yi kaɗai ya isa kuɗin shiga.

Tun bayan Sinulog na bana, babban bikin addini da ake yi a Cebu duk Janairu, abin ya sauya. In tana kujerar ƙarshe, Nang Meding ce dai da muka sani, har da hararar. Amma in ita ce mai fara magana, abu biyu kawai take yi. Ko ta jefar da katunan, ko ta tura duk abin da ke gabanta tsakiya tun ba a buɗe ko kati ɗaya ba. Wanda ya tura duka ya gama magana, sai dai a jera biyar ɗin a ga wanda ya ci. Wasan sabon shiga ke nan, wanda tsoro ya hana shi tunani.

Ran nan ta tura haka, kowa ya gudu, sai Nulfo, wani ɗan teburinmu, ya dame ta da roƙo har ta nuna abin da take riƙe da shi. As biyu ne.

"Sus, Nang!" Nulfo ya buga tebur. "As biyu fa! Kin kore mu gaba ɗaya kin tsinci ɓawon gyaɗa. Da ni ne da na yanka mutum biyu da su."

"Da kai ne da tuni fuskarka ta faɗa wa kowa, Dong," ta ce, don haka take kiran duk namijin da ta girma. "Kai ko tara biyu aka ba ka kunnuwanka ja suke yi."

"Tsufa ne, jama'a. Tsoro ya kama kakarmu."

"Raba, Day, kafin wannan ya fara mana huɗuba," ta ce wa Jovelyn, yarinyar da ke raba mana karta, wadda muke kira Day kamar yadda ake kiran kowace budurwa a nan.

Nulfo dillalin babura ne, bakinsa ba ya rufuwa ko yana cin abinci. Kuma kumpare ne, wato amini kamar ɗan'uwa, ga Rodel, ɗan Nang Meding da ke zaune a tsibirin Bohol, domin shi ya riƙe 'yar Rodel ranar baftisma. Duk abin da ya faru a teburin nan, kafin a share gidan ya isa Bohol.

Ni ban yarda da maganar tsoro ba. Mai tsoro a kowace kujera tsoro yake ji, ba ya jira sai maɓalli ya wuce shi. Na fara zaton wata sabuwar dabara ce irin wadda samari ke kallo a waya. Na tambayi biyu daga cikinsu, suka yi min dariya har ɗaya ya ƙware da lemo. Na ce to ko mafarki ta yi, ko ta ɗauki wa Santo Niño, wato Jariri Yesu, wani alkawari. Na je har wurin ƙawarta mai sayar da kyandir a ƙofar coci na yi ta kewaye-kewaye, matar ta sayar min da kyandir uku ba ta faɗa min komai ba. Daga ƙarshe na ce bari in gwada da kaina, watakila sai mutum ya yi zai gane. Lahadi biyu a jere na tura duka daga kujerar fari, kuma duka biyun na koma gida Luz ba ta sauke shinkafa ba.

"Yau ma neman dalilin ka je?" ta ce.

"Na kusa," na ce mata, alhali ko hanya ban kama ba.

Wani matuƙin jirgin ruwa da ya zo hutu ne ya warware min, bai ma sani ba. Yana zaune a daman Nang Meding, mutum mai shiru. Aka cinye shi a wani hannu da ba ta ciki, ya tashi ya fita ba sallama, ya bar gorar ruwansa a kan kujerar. Aka sake rabo, maɓalli yana gaban Nang Meding, wato ita ce ta ƙarshe. Jovelyn ta buɗe ukun farko, mutanen da ke gabanta suka shiga tunani. Sai na ga ta juya kai a hankali ta kafe kujerar matuƙin da harara. Harara ce ta gaske, doguwa, irin wadda ke sa mutum gumi. Kujerar kuwa ba kowa a kanta sai gorar ruwa.

Na dubi kujerar, na dubi fuskarta. Sannan na karkata kaina daidai yadda ta yi nata, na ga inda wutsiyar idona ta faɗa. A kan katunan tsakiya ta faɗa.

Ashe duk watannin nan ba mu take harara ba. Katunan take karantawa da gefen ido, kuma karatun yana cin lokaci. In wasu ne ke tunani, tana da lokacin, tana da wanda za ta fake da kallonsa. In ita ce ta fari, kowa ita yake kallo, kuma wanda ya daɗe yana karkata kai kamar kaza ana jiransa, dole a tambaye shi ko lafiya. Shi ya sa take tura duka, don kada ta buƙaci ganin komai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin gano abin, irin daɗin da nake ji in inji ya yi shiru a hannuna. Amma kafin in sauka matakala daɗin ya gudu, tausayinta ya kama ni.

Na same ta a bakin titi wurin mai sayar da sikwate, cakulan ɗin nan mai kauri da ake sha da zafi, tana hura kofinta, ga shinkafa mai danƙo a ganyen ayaba a gabanta. Na ja benci na zauna.

"Nang, matuƙin nan fa ya tashi tun kafin a raba."

"Wane matuƙi?"

"Wanda kika yi ta harara."

Ta ci gaba da hura kofin, ta kurɓa, ta ajiye. "Sebyo, uwarka ba ta koya maka barin tukunyar mutane a rufe ba?"

"Ta yi iya ƙoƙarinta, Nang."

Ta yi 'yar dariya ta hanci. Sannan ta zare tabaran ta juyo gare ni. Idanun lafiya lau a gani, ba fari ba ja, sai dai ba su sauka a fuskata ba, sun tsaya wajen kunnena.

"Tsakiyar ce ta tafi," ta ce. "In na kalle ka, kai ne ba na gani, sai kafaɗunka da bangon bayanka. Likita ya ce ba irin wanda ake yi wa aiki ba ne. Nawa biyun ina kawo su kusa da hanci in karanta, kowa ya ɗauka ɓoyewa nake. Na tsakiyar ne suka yi min nisa."

"To ai doka ta yarda, Nang. Ki ce Jovelyn ta riƙa karanta miki."

"A gaban Nulfo?"

Na gyara zama a kan bencin.

"Rodel ya gina min ɗaki a Bohol," ta ce. "Ɗaki mai kyau, da babbar taga tana kallon gonar shinkafa. Ka ji fa, taga. Ya ce ranar da na kasa kula da kaina zai zo ya ɗauke ni. Ƙauyen nan ko teburin karta ɗaya babu, sai wasan bingo a harabar coci, ana cin bokitin roba. In ya ji wannan, ba zai bari a kai wata Lahadin ba. Kuma ba mugunta ba ce, ƙauna ce, shi ya sa ba ni da bakin yi masa gardama."

"Haka za ki ci gaba ke nan, kina tura duka?"

"Ina zaune a tebur ko ba na zaune? Ina jin ƙarar ƙwandala, ina zagin Nulfo. Ya fi taga." Ta mayar da tabaran. "Amma kar ka ɗauka ban san abin da nake yi wa as biyu ba. Duk sanda na tura su haka, ji nake kamar na dafa miya mai kyau na zubar a kwata. Yana min ciwo, Dong."

Ta ɗauki kofinta, ta nuna ni da shi, ko da yake ɗan gefe ta nuna.

"In kuma ka faɗa wa wani, zan biya limamin coci ya yi maka addu'ar matattu kana raye."

Ban faɗa wa kowa ba, har Luz. Amma abin ya bi ni aiki duk makon. Ina kwance ƙarƙashin firijin wani kantin kifi dabarar ta zo min, kuma na san wauta ce tun a lokacin. Ranar Lahadi na cire tabarauna na ajiye a aljihun tebur a gida. Ina gani sarai ba shi, karatun jarida kaɗai yake min, amma ba wanda ya san haka a gidan karta.

"Ina idanunka na biyu?" Nulfo ya tare ni tun daga ƙofa.

"Jikata ta zauna a kai."

"Madalla! Yau akwai abinci kyauta, jama'a."

Ba tebur ɗaya aka ba mu da Nang Meding ba da farko. Na yi wasa a tsanake yadda ban taɓa yi ba, ina jefar da katunan da a wata ranar da na mutu a kansu, don kawai in kai lokacin da mutane za su ragu a haɗa tebura. Da rana ta karkata aka haɗa mu. Ita tana nan da ɗan abin da ya rage mata, ni ina hagunta da mutum ɗaya tsakaninmu, Nulfo yana fuskantarmu da tulin ƙwandala har gemunsa.

Hannu na farko da ta shiga, ni na riga na jefar da nawa. Jovelyn na buɗe ukun na ce, "Day, karanta min, ba na gani."

"Kai da ba ka ciki, me ya dame ka?" in ji Nulfo.

"Ina so in san abin da ake ciki."

"Kullum kana so ka san abin da ake ciki! Ranar da aka binne ka ma sai ka tambayi mai haƙa zurfin ramin."

Manajan gidan ya zo ya raba gardamar. Ya ce doka a fili take, wanda ke riƙe da kati a hannun kaɗai ake karanta wa, kuma muddin yana ciki. Na gyaɗa kai kamar ba komai. Ma'anar ita ce duk hannun da ta shiga sai na shiga, kuma sai na zauna har a buɗe na biyar, ko me aka ba ni.

Ba a jima ba muka haɗu a hannu ɗaya, ita ce mai fara magana. Jovelyn ta jera ukun.

"Karanta min, Day."

"Sarki na zuciya, tara na fure, huɗu na takobi," in ji Jovelyn.

Maficin Nang Meding ya tsaya cak. Ba ta juyo ba. Ta ƙwanƙwasa tebur, aka ci gaba, hannun ya wuce ba wani abin kirki a ciki. Amma na ga yadda ta gyara zama.

Da maɓalli ya zagayo ta sake zama a kujerar fari, ta kai katunanta kusa da hanci ta ajiye. Kowa ya san abin da ke tafe, har wani saurayi ya ɗaga nasa zai jefar. Sai ta ware 'yan ƙwandaloli kaɗan da yatsa biyu ta tura gaba.

"A'a!" in ji Nulfo. "Kakarmu ta tuna yadda ake yi?"

Na leƙa nawa. Bakwai da uku, kala daban-daban, katunan da ko yaro ba zai riƙe ba. Na bi. Wancan saurayin ma ya bi.

"Karanta min, Day."

Na ɗauka za ta ɗan raga min, tunda ta san dalilin zamana. Ko kusa. Ta wuce a ukun farko, saurayin ya zuba, ta bi, ni ma na bi don a karanta na huɗu. Ta sake wucewa, ya sake zubawa, muka sake bi. A na biyar ta tura masa abin da ya sa ya cire hularsa ya mayar, ya bi, ta buɗe sarauniya biyu ga ta uku a tsakiya. Nawa ƙwandalolin suka tafi tare da nasa, ko kallon inda nake ba ta yi ba.

"Sebyo, me ka riƙe har ƙarshe haka?" Nulfo ya tambaya.

"Sirri ne."

"Yau ba ido kaɗai ka bari a gida ba, aboki."

Haka muka yi ta yi. Ta shiga, in shiga. Na bi ta da goma da biyar, na bi ta da jak da biyu, ina ta "karanta min, Day" har Jovelyn ta daina jira in tambaya. Tulina yana narkewa, nata yana tashi. Teburin gaba ɗaya ya mayar da ni abin dariya, wani ma ya ce a haɗa kuɗi a saya min tabarau a kasuwar Carbon kafin in sayar da shagona. Ban damu ba, domin abin da nake kallo ya fi ƙarfin dariyarsu.

Ban taɓa ganin wasanta kusa haka ba. A da ina ɗauka hararar ce ke aiki. Yanzu da katunan ke shigo mata ta kunne ba ta hararar kowa, sai na ga ashe saurare take yi. Tana jin yadda mutum ke ajiye ƙwandala, ko ya jera su a hankali ko ya watsa. Tana jin wanda ya daina tauna gyaɗa. Daga kujerar fari, inda kowa ke jin an ɗaure shi, ita take zaɓar wa na baya abin da zai gani, ta nuna masa rauni daidai gwargwadon da zai iya haɗiya. Bakinta ma ya buɗe. Ta tambayi wani saurayi ko uwarsa ta san yana nan, ta ce wa Nulfo baburansa sun fi shi iya yin shiru. Na yi farin ciki ƙwarai, irin wanda ban yi tsammani ba ga mutumin da ake cinyewa.

Mun rage mu huɗu lokacin da ta sake ƙarawa kaɗan daga kujerar fari. Na leƙa nawa, sai ga as da sarauniya. Na ce yawwa, yau dai zan bi ta da abin arziki. Sauran suka jefar, ya rage ni da ita.

"Sarauniya na daimon, takwas na fure, biyu na zuciya," in ji Jovelyn.

Sarauniya biyu ke nan gare ni, ga as yana tsaron baya. Nang Meding ta ƙwanƙwasa tebur. Na san wannan ƙwanƙwasar, na wuni ina kallon mutane suna faɗawa cikinta, amma da ta zo kaina sai na ce a raina wannan karon da gaske ba ta da komai. Na zuba, ta bi. Aka karanta na huɗu, biyar ne, ta sake wucewa, na sake zubawa, ta yi ɗan jim ta bi. Na biyar ya zo uku na takobi, katin da bai amfani kowa ba. Sai ta tura abin da ya rufe duk sauran da ke gabana.

Hankalina ya ce min in jefar. Ya ce min in na fita, wa zai ce a karanta? Amma in na jefar ba za ta buɗe ba, kuma ba zan taɓa sanin abin da take riƙe da shi ba. Na yi ta juya katunan a hannu. Na bi.

Sarakuna biyu ne.

"Ka gaida Luz, Dong," ta ce tana jan ƙwandalolin da hannu biyu.

Na miƙe na koma bayan igiyar da 'yan kallo ke tsayawa, inda ba a yarda mutum ya ce uffan ba. Kunya ta rufe ni, ba ta faɗuwar ba, ta abin da son sanina ya jawo mata. Amma da na dubi fuskarta sai na ga ita ma ta san abin da ta yi. Da ta ga dama da ta bar min ɗan abin da zan ci gaba da zama. Ba ta bari ba, domin hannun haka ya kamata a buga shi, kuma ta gaji da ɓata katuna masu kyau.

Suka rage su uku, ita da Nulfo da wani saurayi mai aikin jinya. Hannu biyu suka wuce ta jefar. A na uku ta kai katunan kusa da hanci, ta daɗe, ta ajiye. A wannan hannun ita ce za ta fara magana in an buɗe na tsakiya. Na ga ta sa tafukanta biyu a bayan tulinta gaba ɗaya, na ce shi ke nan, mun koma gidan jiya. Hannuwan suka tsaya a wurin. Sannan ta janye su, ta ware kaɗan ta ƙara a kan abin da Nulfo ya sa. Mai jinyar ya jefar. Nulfo ya bi.

Jovelyn ta jera ukun. Ta buɗe baki don ta saba, sai ta tuna, ta rufe, ta dubi inda nake tsaye. Ni kuwa na riƙe igiyar nan da ƙarfi. Ɗakin ya yi tsit, sai na'urar sanyin da ni na gyara take ta aikinta. Nang Meding ta fara karkata kai gefe, kaɗan, sai ta dawo da shi ta miƙar.

"Day, karanta min."

Nulfo ya fashe da dariya. "Nang, cutar Sebyo ce ta kama ki?"

"Idon Sebyo lafiyarsa ƙalau," ta ce. "Ni ce ba na gani. Tun Sinulog."

Dariyar ta tsaya masa a baki. Ya dube ta, ya juyo ya dube ni, na ga yana haɗa watannin nan a kansa ɗaya bayan ɗaya. 

"Nang... Rodel ya sani?"

"Zai sani yau. Ai wayarka tana aljihu."

"Ba sai na faɗa ba, Nang. Na rantse, ba wanda..."

"Za ka faɗa, kuma ya kamata ka faɗa. Kumparensa ne kai, in ka ɓoye masa ba zai yafe maka ba." Ta juya wajen Jovelyn. "Ina jinki, Day."

Yarinyar ta karanta. Goma na zuciya, shida na takobi, biyu na fure. Nang Meding ta saurara har ƙarshe ta gyaɗa kai.

"Bohol sai gobe," ta ce wa Nulfo. "Wannan hannun kuwa nawa ne, kuma ina so in buga shi yadda ake bugawa. In ka raga min ko da ƙwandala ɗaya, Dong, ba ni ba kai."

Ta laluba tulinta da yatsu, ta ware ɗan tsibi ta tura gaba. Nulfo ya share fuskarsa da bayan hannu, ya ja kujerarsa kusa da tebur, ya sake leƙa katunansa. Sannan ya ƙara a kan nata.